Har Randa Ta Yi Hawaye

Mu mutanen Kura, akwai abin da ba a koya mana, shi ne ban ruwa. Ka ce ba mu iya Turanci ba, mu ce da ma ba mu ce mun iya ba. Ka ce shinkafarmu da tsakuwa, mu yi dariya mu ce ka tsince. Amma ka dubi mutumin da ya tashi a bakin kanal, magudanar ruwan noman rani, ka ce masa bai san yadda ake shayar da shuka ba, to ka taɓo inda ba a taɓawa. A gidanmu kuwa abin ya fi na kowa, domin Baba shi ne wanda manoma suke zuwa tambaya. Tun da jigo ya fara ban ruwa, kafin ruwan Tiga ya iso mana, yana ɗaga guga yana juyewa har kafaɗunsa suka zama kamar na ɗan dambe. Da kanal ta zo, sai ya zama sarkin abin. Zai tsaya da fartanya a bakin fangali, wato ɗan yankin da aka kewaye da kunya, ya buɗe wa ruwa hanya, ya jira har ya kwanta ya cika fal, sannan ya toshe ya wuce na gaba. Maganarsa kullum ita ce, mai rowar ruwa ba ya noman rani.

Ni ban gaji noman ba. Babbar mota na gada daga wani kawuna, na yi shekaru ina kwasar tumatir da albasa zuwa kudu. Legas, Anacha, Fatakwal, har Kwatano da Agadas duk na taka. Inna takan ce tun ina goye ƙafata take ƙaiƙayi. Idan na dawo nakan zauna a tsakar gida in yi ta zuba labarin abin da na gani, ita kuma tana tankaɗe tana cewa, to, mai duniya, an dawo. A lokacin da nake ba da labarin nan gwiwoyin Baba sun riga sun gaza, ƙanena ne yake riƙe da gonakin. Shekarun nan ne da wayar hannu ta fara shigowa ƙauyukanmu, gida goma waya ɗaya.

Inna tana da wani lungu a tsakar gida, kusa da rariya, inda take alwala. Hantsi yana samun wurin, da rana ta take kuma inuwar katanga ta rufe shi. Nan ta jera tarkacenta: tsohon kwano da ya ɓule, tulu mai karyayyen wuya, wata tasa da ta yi tsatsa. A cikinsu akwai ɗoɗɗoya da barkono da na'a-na'a. A tsakiyarsu kuma akwai wata tsohuwar randa da ta tsage tun daga ciki har gindi, an ɗora ta a kan duwatsu uku kamar tukunya a murhu. A cikin randar nan ɗan lemun tsami yake, tsayinsa bai wuce kamu biyu ba.

Lemon nan yana da tarihi. A gidan su Inna, can wajen Bunkure, akwai wata tsohuwar bishiyar lemun tsami da kakanta ya dasa. Da aka zo rabon gida, wanda wurin ya faɗo wa ya ce ɗaki zai gina, za a sare. Inna ba ta yi musu da kowa ba. Ana gobe za a sare ta hau acaɓa ta je, ta tsinko na ƙarshe ta ƙullo a bakin mayafinta. Ta shuka 'ya'yan, guda ɗaya ne ya rayu. Shekara biyu tana renonsa a randa. Damina ta farko ta ce bai yi ƙwari ba. Ta biyu ta ce awaki za su cinye shi. A shekara ta uku ta ce bana kam, da ruwa ya sauka ƙasa ta jiƙu, za ta dasa shi a tsakar gida.

Ba ta kai daminar ba. A tsakiyar bazara zazzaɓi ya kwantar da ita, kwana huɗu. Ina hanyar Fatakwal da lodi aka same ni a waya. Na bar motar a hannun wani abokin aiki na juyo, amma kafin in iso an riga an kai ta. Ƙanena ya gaya mini cewa a rana ta uku, da ta ɗan samu sauƙi, ta kira Baba ta yi masa magana a kan abubuwa biyu uku. Na ƙarshensu shi ne lemon. Ta ce ya riƙe mata shi har damina.

Duk wanda bai samu jana'izar uwarsa ba ya san abin da nake nufi idan na ce hannuna ya rasa abin yi. Kowa ya yi wani abu, wani ya yi haƙa, wani ya ɗauki makara, ni kuwa sai karɓar gaisuwa. Bayan an yi addu'ar bakwai, mutane sun ragu, na tsaya a lungun nan ina kallon randar. Sai na ji kunya ta kama ni. Na ce a raina, duk matan da suka shigo ta'aziyya sun ga uwar mai babbar mota tana shuka a fasasshiyar randa. Ni da na ga yadda ake jera shuke-shuke a ƙofar manyan otal na Legas, cikin mazubai masu sheƙi. Washegari na shiga Kano na sayo bokitin roba, babba, kore shar, mai kauri, irin wanda ko ka cika shi da ruwa shekara ba zai ɗiga ba. Har na sa mai kayan ya zuba ruwa a gabana na tabbatar. Na je gonar shinkafar ƙanena na haƙo baƙar laka, domin a sanina babu ƙasar da ta fi ta ƙarfi. Na ciro lemon na dasa a bokiti, na danna lakar da kyau. Na ɗauke shi daga lungun na kai ƙofar ɗakin Baba, don kada ya sha wahalar tafiya. Randar kuma na kai ta bayan gida na kifa.

Baba ya ji daɗi. Ya shafa bokitin ya ce Allah ya yi albarka, yanzu lemo ya samu gida. Tun rasuwar ban ga ya miƙe da kansa ba sai ranar. Ya sa aka ajiye masa jarka a gefe, ya ce ba ya son kowa ya taɓa, aikinsa ne. Da safe ya zuba, bayan azahar ya zuba, da yamma ya zuba. Kuma irin zubawar da ya sani, wato sai ruwa ya kwanta ya kawo baki. Na tsaya ina kallonsa ina jin sanyi a raina, na ce ga shi na samar wa tsoho abin da zai riƙe shi. Da wannan na koma hanya.

Daga hanya nakan kira wayar ƙanena in ce a kai wa Baba. Shi Baba bai taɓa yarda cewa wayar tana ji ba, ɗaga murya yake kamar mai kiran wani a tsallaken kanal. Kiran farko ya ce lemo lafiya lau, yana sha. Na biyu ya ce ya ɗan yi yaushi, amma zafin bana ne, ya ƙara masa. Na uku muryarsa ta sauka. Ya ce ganyen yana ɗorawa-ɗorawa, wasu suna zuba. Ina tsaye a wata tasha a Anacha, gumi yana bin bayana, na ce masa, Baba, ƙara masa ruwa, kada ka tausaya wa jarka. Wannan maganar da bakina na faɗe ta, kuma ina jin na ba da shawara.

Da na dawo, bayan mako uku, tun daga zaure na hango. Rabin ganyen ya zube, yana yawo a kan ruwan bokitin. Wanda ya rage ya yi rawaya ya sunkuya. Gefen bokitin ya yi gansakuka. Baba yana zaune a kan buzunsa kusa da shi, ya rame fiye da yadda na bar shi, matar ƙanena ta ce tuwon ma sai an yi da gaske yake taɓawa. Bayan mun gaisa na zauna kusa da shi. Can ya ce shi dai bai gane ba. Ya shayar da gonakin da ido ba ya ganin ƙarshensu, ga ɗan abu kamar asawaki ya gagare shi. Yana ba shi, yana ba shi, shi kuma yana ƙara lalacewa.

"Ko dai shi ma bin ta zai yi," in ji shi.

Na ce a'a, abinci ne ya yi masa kaɗan, bari in samo takin zamani. Allah ya taimake mu ban kai ga fita ba aka yi sallama.

Mama ce, ƙawar Inna. Mutuniyar Filato ce, Kirista, ta zo garinmu da mijinta tun ina yaro, shi yana gyaran injinan ban ruwa. Ita kuma ta yi shekaru tana aikin renon iri a Kadawa, da ta bari sai ta kafa 'yar rumfa a bakin titi tana sayar da dashen mangwaro da gwaiba a baƙaƙen ledoji. Ita da Inna sun fi shekara talatin tare. Da Sallah kwanon Inna ya tafi gidanta, da Kirsimeti nata ya zo namu. "Yaya" take kiran Inna. Hausarta ta nuna sarai, sai abu ɗaya: har yau namiji da mace duk ɗaya ne a bakinta, kowa "ka" ne, kowa "ya" ne. Mun sha tsokanarta, Inna takan ce mata, ke dai kin mai da ni namiji ƙarfi da yaji. Bayan zaman makoki ta tafi garinsu wata hidima, ranar ne ta dawo, ta biyo ta ga Baba.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ta sake yi masa gaisuwar rashi. Tana ɗagowa idonta ya faɗa kan bokitin. Ta dube shi, ta waiwaya lungun Inna, ta ga duwatsu uku babu komai a kansu.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Na ce ni ne, har da ɗan murmushina.

"Direba, ina randar?"

Na ce tana bayan gida, ai ta tsage.

Ta matsa kusa da bokitin. Ta naɗe hannun rigarta ta tura yatsu cikin lakar, ta ciro ta kai hanci. Ni ma daga inda nake na ji warin, irin na kwatar da ta daɗe ba ta gudu ba. Ta goge hannun a gefen zaninta, ta juya wajen Baba, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Wannan ba ƙishirwa yake ji ba. Nutsewa yake yi."

Na ga fuskar Baba ta canza. Bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce, "Yanzu ni za a ce na kashe shuka da ruwa?"

"Ruwan da kake sakar wa fangali, ina yake tafiya?"

"Ƙasa ta shanye."

"To gonarka ba ta da gindi, Malam. Wannan yana da shi. Direba ya sayo maka wanda ko ɗigo ba ya fita."

Ta yi mana bayani a hankali, kamar mai lallashin yara. Ta ce saiwa ma numfashi take yi. Idan ruwa ya zauna mata dare da rana sai ta ruɓe, idan ta ruɓe kuma ba ta iya sha, sai ganye ya yi yaushi. Shi ya sa shukar da ƙishirwa ta kama da wadda ruwa ya yi wa yawa fuska ɗaya suke nunawa. Wanda bai sani ba sai ya ga yaushi ya ƙara ruwa. Ta ce lakar da na kawo ta shinkafa ce, shinkafa kuwa ita kaɗai ce mai son zama da ƙafa a ruwa. Ta ce tsagar da na raina a jikin randar, saboda ita aka zaɓi randar. Su biyu suka zagaya gidan suna neman wadda ta fashe, Inna da ma ta ƙi ba da mai kyau, tun kafin ta san mai kyaun ba za ta yi ba. Duwatsun kuma don ruwan ya samu wurin sauka ne.

Baba ya tambaye ta, to ita Inna yaya take ba shi.

"Yaya ba ya ba shi kullum," in ji Mama. Ranar babu wanda ya yi dariyar "ya" ɗin.

Ta ce da asuba, idan Inna ta gama alwala, takan tura yatsa cikin ƙasar randar har gaɓa ta biyu. In ta ji danshi, sai ta tashi ta bar shi, ko da saman ya bushe ya yi fari. In ta ji a bushe, sai ta cika buta ta riƙa zubawa a hankali, tana zagaya gindin, ba a kan ganye ba, tana jira ƙasa ta shanye kafin ta ƙara. Ba ta tsayawa sai ta ga ruwa ya tsattsafo ta tsagar nan ya gangaro. Inna takan ce, sai randa ta yi hawaye. Da ta yi hawaye, shi ke nan, an gama, sai kuma ranar da yatsa ya ce.

Baba ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana ba da mu yake ba. Ya ce shekara biyu yana wucewa ta gefenta zai tafi masallaci, tana tsugune a wurin nan, bai taɓa tsayawa ya ga me take yi ba. Shi a zatonsa addu'a take.

Na tambayi Mama ko akwai sauran dabara. Ta ce ba ta yi alkawari ba, amma in ɗauko randar. Na zagaya bayan gida ina tuna yadda na jefar da ita. Na same ta a kife, kaza har ta fara yi mata sheƙa a gefe, bakin ya ɗan ɓalle amma jikin yana nan. Mama ta sa na kwantar da bokitin na zare lemon da lakarsa. Ta wanke saiwar a hankali a cikin kwano. Yawancinta ta yi baƙi ta yi laushi, tana saɓulewa a hannu. Ta karɓi reza ta yanke duk wadda ta mutu, abin da ya rage fari bai fi a ƙirga da yatsu ba. Ta rage rassan ma, ta ce saiwa kaɗan ba za ta iya ɗaukar gida babba ba. Ta aike ni na ɗebo jar ƙasa mai yashi daga jigawa, muka haɗa da tsohon takin awaki da ya riga ya huce. Ta jera tsingaro a gindin randar, muka zuba ƙasar, ta dasa, ta ba shi ruwa sau ɗaya. Muka mai da randar kan duwatsunta a lungun Inna.

Sannan ta kafa doka. Babu mai ƙara masa ko ɗigo sai ƙasa ta nema. Ta dubi jarkar Baba ta ce in ɗauke ta daga nan.

Akwai lodin albasa da yake jirana a ranar. Na kira wani na ba shi. Tun ina saurayi ban taɓa yin wata guda cur a gida ba sai wannan karon.

Maza ba sa takaba, amma Baba ya yi tasa a gaban randar nan. Kullum bayan sallar asuba sai ya dogara sanda ya tafi lungun, in shimfiɗa masa buzu ya zauna. Rana tana dukan gari, saman ƙasar ya bushe ya yi fari, sauran ganyen suna zuba ɗaya bayan ɗaya, ga ruwa a gidan, ga kanal tana gudu a bayan gari, kuma an ce kada ya ba shi. Na sha ganin hannunsa ya tafi wajen buta ya dawo. Wata rana ya ce mini duk aikin da ya yi a duniya babu mai wuyar wannan.

Sai kuma wata matsala ta ɓullo. Ya tura yatsa kamar yadda aka ce, ya ciro, ya dube ni. Ya ce ba ya jin komai. Shekara hamsin na fartanya sun sa masa kanta, yatsan ya zama kamar ƙaho, bai san danshi ba bai san bushewa ba. Ya gwada ɗan ƙaramin, duk ɗaya. Na ce in riƙa gwada masa da nawa, ya ce ba ni aka bar wa ba. Da Mama ta zo da yamma, don kullum sai ta biyo bayan ta tashi daga rumfa, ta yi dariya ta ce wannan mai sauƙi ne. Ta fere masa ɗan siririn kara, ta ce ya soka ya ɗan jira ya zare. In ya fito da ƙasa manne a jikinsa ya yi duhu, akwai ruwa. In ya fito fes, lokaci ya yi. Baba ya karɓi karan nan ya sa a aljihun gaba, inda yake ajiye carbi.

A zaman nan ne ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ya ce ranar da ya fara zuwa zance wajen Inna, a gindin uwar lemon nan aka yi masa shimfiɗa. Ta kawo masa ruwa a kwanon sha, ashe ta matse lemo kusan biyar a ciki, babu sukari, tana so ta ga yadda zai yi. Shi kuma don kada a raina shi ya kafa kai ya shanye tas, ya ajiye kwano ya ce ruwan garinku da daɗi. Ta juya baya tana dariya har mayafinta yana faɗuwa. Ya ce haƙoransa sun kwana uku ba su daina tsami ba. Muka yi dariya ni da shi, dariyar farko a gidan tun rasuwar.

A rana ta shida karan ya fito fes. Baba ya duba, ya sake sokawa a wani gefen, ya sake dubawa. Ya ce in miƙo masa butar Inna, wadda take rataye tun ranar rasuwarta ba wanda ya taɓa. Na cika na ba shi. Ya fara zubawa, siririn ruwa kamar zare. Ya zagaya gindin, ya tsaya, ƙasa ta shanye, ya sake. Ni na tsuguna ta gefen tsagar ina kallo. An daɗe babu komai. Buta ta kusa ƙarewa, har na fara tunanin ko tsingaron ya toshe hanyar, sai na ga tsagar ta yi duhu daga ƙasa. Ɗigo ɗaya ya taru, ya yi nauyi, ya gangaro ta jikin randar ya faɗa tsakanin duwatsun.

Na ce, "Baba, ta yi."

Ya leƙo ya gani da idonsa. Akwai sauran ruwa a butar. Ya dube shi, ya ɗaga bakin butar sama.

"Ya isa," in ji shi.

Tunda nake ban taɓa jin ya faɗi haka a kan ruwa ba.

Ganye na ƙarshe ya faɗi bayan kwana biyu. Lemon ya zama tsinke tsirara, sai ƙayoyi. Na ɗauka an gama, har na fara tunanin yadda zan samo wani dashen a rumfar Mama in lallashi tsoho da shi, ko da yake na san ba zai karɓa ba. Mama ta zo ta kankare ɓawon kaɗan da farce, ta nuna mana. Ƙarƙashinsa kore ne. Ta ce yana nan, barci yake, a ci gaba da bin kara. Haka muka yi, wani lokaci kwana uku, wani lokaci huɗu, yadda karan ya ce.

Baba ne ya fara gani. Wata safiya na ji yana kirana da irin muryar wayarsa. Na fito da sauri na same shi ya kusa kifa fuska a kan randar. A gefen wata ƙaya, wani ɗan abu ya ɓullo, bai kai ƙwayar gero ba, kore mai haske. Ya ce in duba masa, idonsa ba shi da tabbas. Na ce toho ne. Ya ce in sake dubawa. Na ce Baba, toho ne, ga ma wani a ƙasansa. Ranar ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.

Ruwa ya sauka a kan lokacinsa. Mama ta ce kada mu yi gaggawa, a bari a yi kamar uku masu ƙarfi, lemon kuma ya ƙara ganye. Da lokacin ya yi na haƙa rami a tsakar gida, ɗan nesa da rariya, inda Baba ya ce Inna ta taɓa nuna masa da ƙafa. Sai Mama ta ce ba za a zare shi ba, sabuwar saiwar ba za ta jure ja ba, sai dai a fasa randar a ɗauke shi da ƙasarsa. Na ɗauko dutse na tsaya. Randar da na jefar da hannuna ba tare da na ji komai ba, yanzu na kasa. Baba ya miƙo hannu na ba shi dutsen. Ya yi bismilla ya ƙwanƙwasa a kan tsagar, sau biyu, ta rabe gida biyu kamar da ma jira take. Fararen saiwoyi sun zagaye ƙasar. Muka ɗauka mu biyu ni da Mama muka sa a ramin, Baba ya tura ƙasa da hannunsa.

Da aka gama ya karɓi fartanya, yana zaune, ya ja 'yar kunya ya kewaye dashen, ya yi masa ɗan fangali. Ya ɗaga kai ya dubi Mama kamar mai neman izini.

"Nan kam ba gindi, Malam," in ji ta. "Amma kar ka yar da karan."

Bai yar ba. Shekara uku ya ƙara a duniya, kuma duk rani da karan nan yake bin lemon, har lemon ya fi shi tsayi. Bai ga 'ya'yansa ba, sai a shekarar da ta biyo bayan rasuwarsa ya fara fure. Da muka zo raba kayansa, a aljihun rigarsa ta sallah muka samu karan, ya yi baƙi ya yi santsi, tare da wani ɗan tsingaro daga bakin randar.

Bokitin yana nan har yau. Mama ta sa na ɗora ƙusa a wuta na huda masa gindi wuri biyar, matar ƙanena ta shuka na'a-na'a a ciki. 'Ya'yan farko da lemon ya yi guda bakwai ne. Na kai wa Mama uku a rumfarta. Ta karɓa ta sansana, ta ƙulle a bakin zaninta, ta ce ba na sha ba ne, iri za ta cire.